Tsumman 'Yar Fari a Cikin Leda

Ni da na tsere daga makaranta a aji uku, wallahi ban taɓa zaton zan yi gudun ceton rai da kashin jariri a aljihu ba. Acaɓa nake yi a Rano. Matata Bafulatana ce 'yar Tarai, can gidansu ta tafi wankan jego da ta haifa mana 'yar fari.

Sati biyar da haihuwa na je dubiya, na tarar idon yarinya ya yi ɗorawa shar. Kakar matata ce ke rainonta, ta ce shawara ce, kullum suna shanya ta a hantsi.

Na ce, "Tsohuwa, sati biyar ana shanya? Ai ko kuɓewa ce ta bushe!"

"Tafi can, miji ba cefane," in ji ta. Amma ta bari na ɗauko uwar da 'yar zuwa asibiti.

Likita ya buɗe idon, ya danna cikin, sai ya tambayi matata, "Kashinta wane launi ne?"

Ta juya tana kallon bango.

"Ba ke ce uwarta ba?"

Na ce, "Likita, 'yar fari ce. A gaban mutane ko kallonta ba ta yi, balle ta yi zancen kashinta."

"To kai uban fa?"

"Ni ko ɗaukarta ban taɓa yi ba, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba. Ya ce shawarar da ta wuce sati biyu ba ta shanya ba ce. Ruwan matsarmama ne ke rina kashi. In kashin ya yi fari, to ruwan ya rasa hanyar fita daga hanta, kuma kowace rana hantar lalacewa take yi. Yana son ya gani da idonsa, yau.

Kai! Ban san babur ɗina na da wannan gudun ba. Na faɗa gidan na sami tsohuwa ta tsuguna gaban baho, tsumman kashin yarinyar yana hannunta, saura ƙiris ya sha omo.

"Kar ki wanke! Likita ke so!"

"La'ilaha! Yaron nan ya zare. Likitan me ya rasa a gidansu?"

Na fizge, na ƙunshe a leda, na juyo. Da likita ya buɗe, fari fat kamar kindirmo. Nan take aka ɗebi jinin yarinyar, ya rubuta mana takarda zuwa Kano.

A Kano suka ce kar a ba ta nono awa huɗu kafin hoton ciki, don matsarmamar ta cika ta fito sosai. Yarinya ta tsala ihu har masu gadi suka san mu. Da aka shiga, mai hoton ya daɗe yana goga na'urar a cikinta, ni kuwa ina kallon talabijin ɗin kamar na gane wani abu. Can ya ce, "Ga ta nan." Wata jaka ce ta kumbura a kan hanyar ruwan, ta tare shi.

Na ce, "Ana gyarawa?"

Babban likitan ya ce ana cirewa a ɗinka sabuwar hanya, kuma mun zo hantar ba ta lalace ba tukun.

Na yi kabbara da ƙarfi har wata nas ta ce in fita waje. Ranar Alhamis aka yi mata aikin, ta farka tana neman nono.