Zangarniyar da ta ƙi rabuwa

Shekarar da mahaifiyata ta rasu aka kai ni gidan kakata, a wani ƙauye gabas da Filinge. Na tarar da jikokinta shida, kowane biyu da akushinsu da tabarmarsu. Ni ce ta bakwai. Sahabi, babbansu, ya laƙaba mini suna Ragowa, har na ji kawuna yana shawarar a miƙa ni Tabla wurin wata gwaggo da ban taɓa gani ba.

Bayan isha Kaka takan hura karan hatsi mu kewaye ta. Ran nan ta jawo ni jikinta, ta ce, "Ga wata ta taho, ku matsa mata ta zauna."

Sai ta fara tatsuniya: wai wani manomi ne ya mutu ya bar zangarniyar hatsi dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Ƴaƴansa biyu suka raba, ɗaya ta rage. Suna cikin gardama sai na uku ya dawo daga ci-rani, aka sake rabo, ɗaya ta rage. Na huɗu ya iso, na biyar ya iso, har suka cika goma, kullum ɗayar nan tana kwance a tsakiya.

"To a jefa wa akuya mana!" in ji Sahabi.

"Kai dai akuyar ce, mai bakin ci," Kaka ta ce, muka fashe da dariya. "Uwassu ta ɗauke ta, ta rataye cikin ɗaka. Kowa ya cinye rabonai ƙaf. Da ruwa ya sauka, mi za a shibka? Wagga da ba ta shiga rabon kowa ba, ita ta zan iri."

Ta ɗaga murya don kawu da ke alwala ya ji: "Iri kuwa ba a kai shi gidan wani. Cikin akushina za ta ci." Maganar Tabla ba ta sake tashi ba.

Na kai lise, babbar sakandare, kafin na gwada lambar a takarda. Dubu biyu da ɗari biyar da ashirin ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ke rabuwa daidai tun daga biyu har goma. In ka ƙara mata ɗaya, sai ta zama lambar da ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ashe daga mahaifinta, malamin rabon gado, Kaka ta ji ta tana ƙarama.

Na so in gaya mata sunan da masana suka ba irin wannan lamba, amma ta riga ta kwanta dama. Sahabi har yau Ragowa yake ce mini. Duk kaka kuma, in ya yanke hatsi, sai ya aiko mini da zangarniya ɗaya Yamai, inda nake zaune.