Maraƙin Kawu daga Tihama

Ana idar da sallar asuba muka tayar da mota daga unguwarmu ta Hindawiyya a Makka, mu uku: ni a sitiyari, Yayana a gefena, Kawu a kujerar baya. Har yanzu da nake wannan rubutu raina bai gama hucewa ba, don haka masu bibiyata ku yi mini uzuri idan kun ji zafi a maganata.

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, ya haura saba'in. A cikin shanu ya tashi can wajen Tawa, kafin aikin hajji ya kawo shi Makka ya zauna. Tun da matarsa ta rasu bara ya shige ɗaki. Gaisuwa ba ta wuce "lafiya lau", abinci kuwa sai an yi da gaske. Ana haka na ji masu gonaki a wajen Jumum suna shirya mazayin, wato gasar nuna kyawun dabbobi, har da rukunin shanu. Wani abokina ya ba ni aron garke a gonarsa, na roƙi Kawu ya zo ya zaɓo mana maraƙin da za mu yi kiwo. Ba kofi nake nema ba, so nake tsohon nan ya sami dalilin fitowa daga ɗaki.

Kuskurena ɗaya, motar Yaya na ara, a-kori-kura mai gida biyu, shi kuma ya ce ba ta tafiya ba shi. Yaya dillalin dabbobin hadaya ne a lokacin hajji. Duk dabbar da ya kalla a duniyar nan, a rataye a mahauta yake ganinta.

Muka ɗauki hanyar gaɓar teku, muka nufi kudu. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya mai sa barci, ba abin kallo sai raƙuma a bayan waya da gidajen mai jefi-jefi. Mun tsaya a Laith muka karya da gurasar tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake. Mai shayin wurin ya caje mu kusan ninkin kuɗin Makka, shayin kuma kamar an wanke kofi an miƙo mana. Ban yi faɗa ba, saboda na ga Kawu ya cinye rabin tamis shi kaɗai.

Da hantsi muka isa wata kasuwar dabbobi ta Tihama. Zafin can daban yake da namu, mai danshi ne, riga na manne wa mutum a baya. Maza da zane ɗaure a ƙugu, awaki ko'ina, shanun kuma ƙanana masu tozo. Ban gama kashe mota ba Kawu ya dira.

Yaya bai ɓata lokaci ba. Ya nufi wani jan maraƙi mai ƙiba, ya matsa gindin wutsiyarsa, ya daddanna ƙirji, ya ce an gama. Kawu ya tsuguna a bayan jan, ya sa aka ja shi taku goma. Sai ya nuna mini yadda ƙafafun baya ke gogar juna, ya buga cikin da tafin hannu, ya ce gishiri aka ba shi ya ɗirki ruwa. Daga nan ya bi garken a hankali, yana buɗe baki yana duba haƙora, har ya tsaya kan wani fari mai baƙaƙen kunnuwa, an riga an dandaƙe shi. Siriri ne, gaskiya ni ma da farko ban ga abin so ba. Kawu ya shafa gadon bayansa ya ce, "Dubi nan, miƙe yake sambal. Nama ana saka shi da dusa, amma ƙashi da shi ake haihuwa."

Mai shanun ya dubi Yaya ya tambaya da Larabci, "Wannan ma'aikacinka ne? Ce masa ya bar wahalar mini da dabbobi."

Na jira Yaya ya gyara masa zance. Wallahi dariya ya yi, ya ce, "Ƙyale shi, tsoho ne, ya fara rikicewa."

Da Larabci ya faɗa, kamar mutumin da ya shekara arba'in a Makka ba ya jin Larabci! Kawu ya saki igiyar farin maraƙin, ya karkaɗe hannunsa, ya kama hanyar mota da irin tafiyar nan ta cikin gida da na tsana, kai a ƙasa.

Ban san sanda na ɗaga murya ba. Na ce wa mai shanun wannan kawunmu ne, kuma tun kafin a haife shi yake kiwo. Na juya ga Yaya da Hausa na ce, "Yaya, haram alaik. A gaban bare? Mutumin da ya goya ka ya kai ka Harami?" Ya ce in rage murya, mutane na kallo. Na ce su kalla, ai sun riga sun ga abin kunyar. Ban taɓa yi wa Yaya magana haka ba, kuma ban yi nadama ba.

Na yi cinikin farin ba tare da dogon ja-in-ja ba, na ja shi da kaina har gaban Kawu. Na ce ban iya ɗaure shi a mota ba, wanda kuma gaskiya ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓi igiyar, ya ce in matsa kafin in shaƙe masa dabba.

A dawowa Yaya ya kafe idonsa a waya, ya ce "halas", wato shi ke nan, sau ɗaya bai ƙara ba. Sau huɗu Kawu yana sa ni tsayawa a ba maraƙi ruwa, har da jiƙa buhu a rufa masa. Da na yi ƙorafin za mu yi yamma, ya ce da can wa ya aike ni.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, mu 'yan Makka mun saba da dabba ta kwana uku a hannunmu, har mun ɗauka iya saninta ke nan. Na kuma gane rainin bare ba ya ciwo kamar dariyar ɗan'uwa a kansa.

Gab da magariba muka sauke maraƙin a Jumum. Kawu ya zuba masa ciyawa, ya tsaya riƙe da igiyar ya ƙi sakinta. Ba ni ya kalla ba, Yaya ya kalla.

"Shekara talatin ina riƙe wa mahauta dabbobi a lokacin hajji," in ji shi. "Ban san adadinsu ba, kuma ba wadda ta kwana a hannuna. Tun barina Tawa, wannan ne na farko da zan riƙe ya girma. Ka bar mini shi, ɗana."

Yaya ya sunkuyar da kai. Daga nan muka kama hanyar Hindawiyya.