Mai ɗori ya ƙi taɓa ƙafar Inna

Mai ɗorin unguwarmu a Kusfa yana dafa cinyar mahaifiyata ya janye hannu.

Ba faɗuwa ta yi ba fa. Miƙewa kawai ta yi daga kan sallaya, muka ji ƙas.

Ya dube ni. "Shekara nawa tana wankin ƙoda?"

"Tara, Baba."

"Ƙashin nan ya zama alli, 'yata. In na ja, wani wurin zai karye. Ku tafi asibiti."

Mutumin da bai taɓa mayar da mai karaya gida ba!

Jibi za a yi mata aiki a sa ƙarfe. Ƙarfen, a jikin me zai kama?

Wanda nasa ya shiga irin wannan aikin ya fito lafiya, don Allah ya yi mini magana.