Gilasan Baba Nata'ala

Shekara ashirin da ɗoriya, kullum da hantsi Baba Nata'ala yake buɗe rumfarsa a Jakara, ya hura gawayi, ya hau liƙin fitilu. Da an tashi daga makaranta kuwa aiki ya tsaya, yara sun cika ƙofa. Mataccen ƙwan tocila zai ɗura wa ruwa, ya miƙa wa yaro ya ce, "Leƙa tururuwar nan ta cikinsa, ka gaya min ƙafarta nawa." Ko ya goga allura da mayen ƙarfe, ya ɗora ta kan ɗan kara a ruwa, ta juya ta nuna arewa. Kowa ya tafi gida da nasa, ko anini ba ya karɓa. Maƙwabta har tsokanarsa suke, wai ya buɗe makarantar bola.

Hali ɗaya gare shi: ba ya ba yaro abin da bai gwada da kansa ba.

Ni malamin elementare ne a Mandawari, ni na kai masa labarin za a yi husufin rana bana. Har yau ina da-na-sani. Kwana uku yana turara fasassun gilasai da hayaƙin aci-balbal, guda arba'in, don yara su kalli husufin da su, kowanne sai ya ɗaga ya ƙura wa rana ido. A kwana na huɗu ya kasa ganin bakin fitilar da ke hannunsa.

Ranar ya haƙa rami ya binne gilasan kaf. Yara suka yi ta kuka. Kande, wata ɗalibata, ta ce, "Baba, ashe kai ma marowaci ne!" Ran husufin ya huda faifai, ya sa su juya wa rana baya, suka kalli haskenta a ƙasa yana raguwa.

Baba, kai ne ka saye idanu tamanin da naka biyu. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu sana'a, tarkacen da kuke zubarwa ilimi ne a hannun yaro, ku miƙa masa.

Makon nan ya rufe rumfar, don baƙin tabon da ke tsakiyar ganinsa ya ƙi tafiya. Da na je sallama zuciyata ta karye. Ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Malam, ran nan da suke ta ihu, me suka gani a ƙasan? Ɗan kwatanta min."