Ranar da Kwamfutocina Suka Gaisa

Tarihin sadarwa a yammacin Kano ba zai cika ba sai an saka ranar da kwamfutocina biyu suka gaisa.

Tun da na bar koyarwa nake tara tsofaffin kwamfutocin cinya, irin na farko masu aika saƙo ba waya, ta wani ɗan jan ido a gefensu. Maiɗakina ta gaji, ta ce, "Malam, ko su yi wani abu a gabana, ko 'yan gwangwan su kwashe su."

Idon ba ya magana sai da irinsa, kuma cikin kwamfutocin ɗaya ce kawai idonta ke aiki. Na samo ta biyun a Garo, wajen wani tsohon malamin gona da ke danne murfin tukunyar iri da ita saboda ɓeraye.

Na jera su a tabarma, ido cikin ido, na aika "Salamu alaikum". Sallamar ta fito a ɗayar. Maiɗakina ta amsa kafin ta ankara, kuma ba ta iya korar wanda ta amsa wa sallama. Duk suka tsira.

Nisan da saƙon ya ƙetare taƙi ɗaya ne.