Ludayin Kanwa da Ɗigo Uku

Ni ba mai fita ba ce, duk unguwarmu ta Gwallaga an san haka. Da aka sa ni a wani zauren mata na intanet inda ake koyar da girki, sai na samu wajen zuba surutuna ina zaune a tsakar gida. Karatuna bai yi nisa ba, da yatsa ɗaya nake rubutu.

Wata matar soja daga barikin Shadawanka, 'yar Kudu, ta tambayi yadda ake masa, za ta yi wa baƙin mijinta ranar Asabar. Na zauna na rubuta mata tsaf, daga jiƙa shinkafa har suya. Sai da na aika na lura wajen ruwan kanwa na sa ludayi ɗaya, alhali ƙaramin cokali nake nufi. Ludayin kanwa a mudu guda! Ko akuya ba za ta ci ba.

Nan da nan na rubuta gyara a ƙasa. To, ka san halinmu, ba a wuce abin alheri ba a yi addu'a ba. Wannan ta ce Allah ya saka, waccan ta ce Allah ya ƙara basira, wata ta gaida yara. Kafin azahar gyarana ya nutse can shafi na uku, ludayina kuwa yana sama. Na sake rubutawa, aka sake binne shi da amin.

Ranar Juma'a dole ta fitar da ni barkar haihuwa a unguwar Gwallameji. Ana ta hira, sai kunnena ya tsinci wata ma'aikaciyar ofis, 'yar zauren namu, tana cewa, "Ai shiga na yi na gyara rubutun."

Na ce, "Ƙanwata, abin da ya riga ya fita ake gyarawa?"

"Kai, Yaya! Shekara nawa kina zauren nan?"

"Bar tone-tone, nuna min."

Ta karɓi wayata, ta nuna wasu ɗigo uku a gefen rubutuna, ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Kullum ina ganinsu, na ɗauka ado ne. Ta taɓa, sai ga hoton fensir, ga kwandon shara, ga wasu abubuwa da har yau ban gama bincikawa ba.

Na ce, "Wanda ya gina wannan abu, me ya sa ya ɓoye? Ya rubuta 'gyara' ɓaro-ɓaro mana."

Ta ce, "Sai ki je ki tambaye shi."

A wurin na goge ludayi na sa cokali.

Da la'asar ɗin Asabar matar sojan ta turo hoton masa cike da faranti, fara tas. Ta rubuta, "Mama, jiya na ga ludayi, yau na ga cokali, na bi na yau. Oga ya ci guda tara."