Tursunoy Mai Wankin Hanji

Shekara talatin teburina yana jikin na Tursunoy a kasuwar Margilan. Ni gurasa nake sayarwa, ita kuma hasip, hanjin rago da ake ɗura wa shinkafa da nama. Ba ta da yawan magana, amma in ta hura wa hanji iska ta ɗaga shi ga rana, ko hudar allura ce sai ta gano.

Bara aka yi wa mijinta Ergash tiyata a ciki. Likita ya ce aiki ya yi kyau, sai dai hanjin da ya sha taɓawa yakan kwanta shiru, bangonsa ya yi rauni, har dattin ciki ya iya tsiyaya cikin jini. Kada a ba shi abinci sai hanjin ya motsa. Mu da muka raka ta asibiti dai gyaɗa kai muka yi.

"Na gane, likita," in ji Tursunoy. "Hanjin rago ma, in na cika murza shi, yoyo yake yi."

Washegari sai ga Holida, yayar Ergash, da tukunyar palov, dafa-dukar shinkafa da nama, kitse na ƙyalli. A wurinmu ba a mayar da abincin babba. Sai Tursunoy, matar da ban taɓa jin ta yi musu da dangin miji ba, ta tashi ta tare ƙofa.

"Yaya, ki yi haƙuri, ba zai ci ba."

"Ke mai wankin hanji, yaushe kika zama likita? Da yunwa za ki kashe mini ƙane?"

"Ki zage ni son ranki, Yaya. Tukunya dai ba ta shiga."

Kwana uku Holida na zuwa, ba gaisuwa. Ni kaina na tsorata, don cikin Ergash ya kumbura kamar ganga. A rana ta huɗu da hantsi Tursunoy ta kara kunne a gefen bandejin, ta daɗe, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta jawo ni na saurara. Ƙugi ne ɗan siriri, can ƙasa. Wallahi hanjin ya fara motsi.

Ba a jima ba Ergash, dattijo mai kunya, ya saki tusa a gaban kowa. Nas ɗin da ke ɗakin ta tafa. Holida ta fashe da kuka, ta kamo hannun Tursunoy ta ɗora a goshinta.

"Ƙanwata, me zan dafo masa?"

"Romo, Yaya, ba kitse. Cokali uku. Ke za ki ba shi."